Mu'allim Dauda Kabo da Sunan da Muka Hana a Kira

Jawabin da Alhaji Tsoho Zali mai shayi ya yi a taron addu'ar marigayi Mu'allim Dauda Kabo, shugaban masu ɗora ƙarfen gini, a gidan ƙanensa Alhaji Maman da ke Jarwal, Makka, cikin Muharram na shekarar 1386. Alhaji Tsoho ba ya rubutu. Malam Isa ne ya sa aka rubuta yadda ya faɗa, aka karanta masa, ya ce haka ne.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da aka haifa a garin nan da muke baƙunta, da alayensa da sahabbansa.

Malam Isa, limaminmu, Allah ya ƙara lafiya. Wakilin Umda mai unguwa, mun gode da ka tako har lungunmu. Shehun Hausawan Jarwal, ranka ya daɗe. Muhandis, injiniyan ginin, ga ka can kana gyaɗa kai alhali ba ka jin ko kalma ɗaya, ahlan wa sahlan, za a fassara maka daga baya. Alhaji Maman, ƙanen marigayi, mai gidan nan. Hajiya Ramlatu da ke takaba a bayan labule, da 'yarki Rumasa'u, da matan da ke zaune tare da ku. 'Yan ƙarfe, abokan aikinsa. Waɗanda suka taso tun daga Ka'akiyya da ƙafa. Assalamu alaikum gaba ɗayanku.

Ba don ilimi aka tsayar da ni ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. An tsayar da ni ne don na daɗe, kuma abin da ya shiga kaina ba ya fita. Na san shekarar da kowannenku ya sauka a Jidda, na san wanda ya zo da takalmi da wanda ya zo babu. Kafin in miƙe, Shehu ya ja ni gefe ya ce, "Tsoho, ka yi yabo, ka yi addu'a, ka zauna. Shinkafa na hucewa." Na ce to. Yabon zan yi, Dauda ya cancanta. Amma gara in gaya muku tun yanzu, ba zan zauna ba sai na yi maganar Mahmudu, mijin Rumasa'u. Tun ranar da muka binne Dauda aka ɗauko yarinyar nan daga ɗakin mijinta aka kawo ta gidan nan, ana cewa Mahmudu ya ga mutuwa ta nufo surukinsa ya yi shiru. Na ji kuma an ce da zarar an watse daga taron nan za a nemi takardar saki a hannunsa. Shinkafa ta huce, Shehu. Mun sha cin mai sanyi.

Na fara sanin Dauda a Sawakin, muna jiran jirgin ruwan da zai tsallako da mu. Ni na riga na manyanta. Shi kuwa saurayi ne siriri mai dogon wuya, ya baro Kabo da ƙafa tare da kawunsa, kawun ya rasu a hanya tun kafin su fita ƙasar Cadi. Ya tsaya a Sudan yana aikin gadar jirgin ƙasa, a nan ya koyi ƙarfe. Ranar da na fara ganinsa, faɗa yake da mai jirgi a kan igiyar da aka ɗaure kayanmu da ita, wai ƙullin nan ba zai kai Jidda ba. Mai jirgi ya zage shi tas da Larabci. Dauda ya tsaya ya saurara har mutumin ya gaji, sannan ya tsuguna ya kwance ƙullin ya sake wani. Na ce a raina, yaron nan zai wahalar da mutane. Ya kuwa wahalar da su har ƙarshen ransa. Da yawa cikin waɗanda ya wahalar ga su nan zaune a gabana da ƙafafunsu biyu, kuma wahalar nan ce ta bar musu su.

Ya kasance mutum ne da ba ya hawa sama sai ya gama aikin tun a ƙasa. Teburin shayina yana bakin ƙofar duk inda suke aiki, don haka da idona nake ba ku labari. Da sassafe, kafin rana ta gasa ƙarfe, muhandis zai buɗe takardarsa su duƙa a kai su biyu. Daga nan Dauda ya tara yaransa, ya share yashi da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana musu. Ga ginshiƙin da za a fara tsayarwa. Ga inda za a kafa turakun da za su riƙe shi da igiya ta kowane ɓangare. Ga azarar ƙarfen da za ta bi bayansa, ga wanda zai riƙe igiyar jan ta, ga inda winshi mai ɗaga kaya zai juya wuyansa, kuma duk inda wuyan nan zai bi, kada inuwar mutum ta kasance a ƙarƙashi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda zai tsaya da bakinsa. Na taɓa jin wani ya ce masa, "Mu'allim, ai jiya ma ka faɗa mana." Dauda ya ce, "Jiya ka koma gida. Ta yau nake nema maka."

Ya kasance ba ya duba fuskar kowa in an zo maganar hawa. Ɗaso, ga ka nan, kada ka sunkuyar da kai. Ka tuna ranar da ka zo aiki da sabuwar jallabiya mai faɗin hannu, tana ƙamshin turare? Dauda ya zagaye ka ya ce, "Ango, a sama za a ɗaura auren?" Ka ce ai za ka naɗe ta a ƙugu. Ya ce, "Iska ba ta san ka naɗe ba. Je ka tuɓe, ko ka tsaya nan ka taya Tsoho wanke kofuna." Ka koma gida kana ƙunƙuni. Haka yake da rawani mai jela, haka yake da takalmi mai santsi, haka yake da wanda ya ce igiyar ƙugu ta matsorata ce. Siminti kuwa in bai kama ba, ko wane ne ya yi magana ba zai ɗora masa ginshiƙi ba.

Ya kasance yana tsoron iska fiye da yadda yake tsoron mai kwangila. Kun san iskar da ke gangarowa daga duwatsun nan bayan la'asar. Da ta fara kaɗa tsumman da ya ɗaura a kan sanda, Dauda zai ɗaga hannu, winshi ya tsaya, ya sauko ya zauna a bencina ya ce in zuba masa. Mai kwangila ya zo yana tafa hannu, "Yalla, ya Dawud, yalla, hajji ya matso." Dauda ya hura shayinsa ya ce, "Je ka ce wa iska yalla. In ta tafi, ni ma zan tashi."

Ya kasance, kuma wannan mun sha cin namansa a kai, mutumin sahun ƙarshe. A garin da sallah ɗaya take da ladan da take da shi, kowa na jin kira yana yar da abin da ke hannunsa. Dauda kuwa in kira ya same shi da azara a sama, ba ta sha kusoshinta ba, ba ya sauka kuma ba ya barin masu riƙe igiya su saki. Sai an ɗaure. Har wasu suka kai ƙararsa wurin Malam Isa. Malam, ka tuna abin da ya ce maka. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in na bar ta a haka na tafi, wanda za ta faɗo wa ma sallah zai tafi." Ka sallame shi, kuma daga ranar na lura kana ɗan tsawaita raka'ar farko ta azahar. Ban taɓa faɗa ba sai yau.

Me ya mai da shi haka? Ni na sani. Tun da aka fara manyan gine-ginen nan kewaye da Harami, in ɗanmu ya faɗo a wani wurin aiki, Dauda ake aika wa. Yawancin yaranmu ba su da iƙama, takardar izinin zama, babu mai son a rubuta sunansu, babu mai zuwa nemansu. Shi ne zai je ya karɓo gawa, shi zai yi wanka, shi ne kuma zai tsaya a ƙofar mace ya yi sallama ya gaya mata. Akwai matan da ke bayan labulen nan da suka san sallamar nan tasa. Ya taɓa ce mini, "Tsoho, na gaji da ƙofofin nan. A wurina dai ba za a yi ba." Kuma Allah ya rufa masa asiri, duk tsawon shekarun da ya shugabanci 'yan ƙarfe bai taɓa zuwa ƙofar matar yaronsa da wannan sallama ba. Shi ya ɗaura rufin masallacinmu bai karɓi komai ba. Shi ya koyar da rabin mazan da ke nan sana'ar da suke ci da iyalinsu.

To, ga dokar da na tsaya dominta. Dauda ya ce a wurin aikinsa mutum ɗaya ne ke kira. Yana tsaye inda yake ganin winshi, yake ganin kaya, yake ganin kowa, kuma in ya ga haɗari zai kira mutum da sunansa na yanka. Babu Malam, babu Baba, babu Alhaji. Yakan ce, "A garin nan in ka ce Alhaji har jakin ɗan garuwa sai ya waiwayo. Ga ƙarar winshi, ga guduma. Mutum sunansa kaɗai yake ji cikin hayaniya. In kun sauko ku durƙusa mini in kuna so. A sama ni Dauda ne."

Mai kiran nan shi ne Mahmudu. Dauda ya tsinto shi a Mina wata shekara, yana yi wa wani muɗawwifi, jagoran alhazai, aikin neman waɗanda suka ɓace, yana tafe tsakanin tantuna yana kwala sunayensu. Dauda ya ce bai taɓa jin murya irin wannan ba, tana ratsa taro kamar an buga ƙarfe. Yaro ne daga Damagaram, ba uwa ba uba a ƙasar nan, ba kawu, ba wanda zai tsaya masa. Dauda ya koya masa aiki, ya zauna da shi ya ga halinsa, daga baya ya ba shi 'yarsa tilo. Ni na raba goron.

Bayan biki Mahmudu ya zo ya tsuguna ya ce a canja masa aiki, ba zai iya kiran sunan surukinsa ba. Dauda ya ce, "'Yata na ba ka, ban karɓe muryarka ba. Koma wurinka." Ya koma. A gida Mahmudu ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa, in sun haɗu a lungu sai ya raɓe ya cire takalmi. A sama kuwa ya kira shi Dauda kamar kowa. Su biyun sun daidaita abinsu. Mu ne ba mu daidaita ba.

Cikin azumin bara wasu dattawanmu suka bi ta gefen ginin nan na masaukin alhazai, wanda kuke hango ƙarafunsa daga bakin ƙofa. Suka ji murya daga sama tana cewa, "Dauda, matsa hagu." Suka ɗaga kai suka ga mai maganar. Kafin a sha ruwa labari ya gama Jarwal. Mata suka tare Rumasa'u a wurin ɗiban ruwa suna ce mata, "Ke ce mijinki ke kiran ubanki kamar yaron aike?" Ta koma gida da tulu babu ruwa. Bayan ƙaramar sallah, Dauda ya tafi Jidda karɓo ƙarfe daga tashar jirgi, sai muka kira Mahmudu gaban dattawa. Na yi musu a ranar, kuka ce gardama ce abincina. Ban kawo wannan don in ware kaina ba. Hukuncin unguwa ne, ni kuma ɗan unguwa ne, shi ya sa nake cewa mu.

Muka ce masa mun baro gida mun bar gona mun bar dangi, abin da ya rage mana a ƙasar mutane shi ne kunyarmu, in ita ma ta tafi me za mu nuna wa 'ya'yanmu da ba sa ko jin Hausa sosai? Wannan magana gaskiya ce, har yau ina ganin gaskiya ce. Yaron ya ce dokar wurin aiki ce. Aka ce masa babu dokar da ta fi tarbiyya. Sai wani daga cikinmu ya ce, "In na sake jin sunan yayana a bakinka, ranar zan ɗauke 'yarmu." Maman, ban kira suna ba, amma Dauda ƙane ɗaya gare shi. Ka faɗa ne don kishin ɗan'uwanka, kowa ya sani. Aka kawo Alƙur'ani, Mahmudu ya dafa ya rantse.

Da Dauda ya dawo ya ji, ya zo bencina ya zauna, shayin ma bai sha ba. Na ce, "To sauya mai kira mana." Ya ce, "In na sauke shi yanzu, za a ce na yarda ya yi mini rashin kunya, na hukunta shi. Yaron ba shi da kowa, Tsoho. Bari mu gama wannan ginin, in ɗaga shi zuwa wani aiki da mutuncinsa." Na ce, "Kafin nan fa?" Ya ce, "Kafin nan ni zan riƙa kula da bayana." Kun ji. Mutumin da bai taɓa barin kusa ɗaya a kwance don kunyar mai kwangila ba, ya bar wannan a kwance don kunyarmu. Mahmudu ya ci gaba da kiran kowa da sunansa, in ya zo kan mutum ɗaya sai ya ce Baba. Dauda har tsokanarsa yake yi, "Wane baban? Mu nawa ne masu furfura a nan?"

Ranar da abin ya faru, cikin Zulƙida, da hantsi ne, babu alamar iska. An yi zanen yashi kamar kullum. Dauda yana hawa na sama, ya gama ɗaure wata azara, ya kwance igiyar ƙugunsa don ya matsa zuwa ginshiƙi na gaba ya sake ɗaurawa. Taku kaɗan ne. A daidai nan winshi yana ɗago wata azarar, igiyar jan ta ta zame daga hannun mai riƙe da ita, azarar ta juya ta nufi bayansa. Ina riƙe da buta, na ji muryar nan da kuka sani ta ce, "Baba!" Mutum uku suka waiwaya, Dauda ba ya cikinsu. Ta ce, "Mu'allim!" Mu'allimin magina da ke ƙasa ya ɗaga kai. Sannan ta ce, "Dauda!" Na rantse da Ɗakin da ke bayan duwatsun nan ya kira, kuma Dauda ya ji, domin na ga ya fara duƙawa. Da wannan kiran ne ya zo na farko, da ta wuce ta saman kansa.

Ta buge shi ya faɗo ƙasa. Muka ruga muka kewaye shi. Yana numfashi, idonsa a buɗe yana kallon sama. Mun zaci kalmar shahada yake nema, Ɗaso ya duƙa yana laƙƙana masa. Ashe azarar nan yake kallo, tana nan rataye a winshi tana lilo a kanmu duka. Ya ce, "Ku fita daga ƙarƙashinta." Sai da muka janye shi gefe, aka sauke ta ƙasa, sannan ya karɓi shahada. Bai kai asibiti ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana ya ƙare, wannan ba mu da ja a kai. Amma ƙarewar kwana ba ta hana a faɗi yadda aka yi ba.

An ce Mahmudu ya yi shiru. Bai yi shiru ba. An ce yana son kujerar mu'allim. Tun ranar bai sake taka wurin aikin ba, dako yake yi a kasuwa. An ce me ya sa bai kare kansa ba. Da wane baki? Mu muka sa ya dafa Alƙur'ani. Ya tsaya a sama da rantsuwarmu a wuyansa da matarsa a ransa, aka ba shi ƙiftawar ido ya zaɓa, kuma a ƙarshe ya karya rantsuwar. Ya makara, kuma ya san ya makara, ba ya bukatar mu gaya masa. Na same shi a maƙabarta ya fi sau nawa, yana zaune daga nesa, ko kusa da kabarin ba ya zuwa.

Malam Isa, ina roƙonka a gaban jama'a, ka gaya masa kaffarar rantsuwarsa ya yi, a wuce wurin. In ciyarwa ce, unguwa ce za ta ciyar, domin rantsuwar unguwa ce.

Shehu, ranka ya daɗe, hajji ya wuce, mai kwangila ya aiko, 'yan ƙarfe za su koma sama. A cikinsu akwai wa da ƙane, akwai ɗa da uba, akwai wani surukin ma. Ina so ka faɗa da bakinka cewa daga inda ƙafa ta bar ƙasa, suna ake kira, kuma duk wanda ya ji ya kawo gulma cikin unguwa, da kai zai yi. Ka gyaɗa kai, na gani, amma muhandis ma gyaɗa kai yake yi. Faɗa za ka yi. To, madalla. Kun ji shi, 'yan ƙarfe. Ku share yashi gobe ku yi zanenku, kowa ya faɗi inda zai tsaya.

Rumasa'u, 'yata. Kin rasa uba, sannan muka raba ki da wanda zai share miki hawaye. Ba ki yi wa kowa laifi ba tun daga wurin ɗiban ruwa har yau. Ki yafe mana.

Hajiya Ramlatu, ke kika fi kowa rashi, ba ni da abin da zan gaya miki game da mijinki wanda ba ki fi ni sani ba. Kin san yadda yake son yaron nan. Kin san wa yake ɗebar wa nama a kwano ya ce a kai masa ɗaki tun da ba zai ci a gabansa ba. Ba zan tambaye ki komai ba, kina cikin takaba.

Maman, kai nake tambaya. Kai ne uban Rumasa'u yanzu, maganarka ce za ta zauna. Na san ba ƙin Mahmudu kake yi ba. Na san abin da ke hana ka barci, domin na ga fuskarka a wurin wanka. In ka karɓi takardar nan, za ka samu wanda za ka ɗora wa, amma ba za ta sauke maka komai ba, sai dai ta ƙara maka da 'yar yayanka a zaune a gidanka tana kallonka safe da yamma. Ba kai kaɗai ka yi maganar nan ba a ranar, mu duka muka yi, mu duka za mu ɗauka. Mahmudu yana waje, a lungu, jikin bango. Ni na ce ya zo, ya ce ba zai shigo ba sai mai gida ya yarda.

Me aka ce daga ciki? Shatu, ke da ke bakin labule, ɗaga murya, kunnena ya tsufa. Ta ce Hajiya ta ce me? To, ga abin da Hajiya Ramlatu ta ce, ga waɗanda ke baya. Ta ce ita ba ta taɓa cewa a ɗauko Rumasa'u ba, kuma yarinyar ba ta kwance ƙullin kayanta ba tun da ta zo. Ta ce sauran magana tana wurin baffanta.

Ina jira, Maman. Ƙafata tana ciwo amma ina da sanda.

Jama'a, waɗanda ba sa gani, ga abin da Alhaji Maman ya yi. Ya matsa, ya bar wuri a gefensa kan tabarma. Ni wannan ya ishe ni. Ɗaso, leƙa ka shigo da shi. Shigo, Mahmudu. A'a, ba nan bakin ƙofa ba. Can, kusa da baffanka. Ku ba shi hanya. Zauna, ɗana. Ku bar su su yi kukansu, kada wanda ya ce musu su yi haƙuri tukuna.

Na gode wa Malam, na gode wa wakilin Umda da Shehu, na gode wa muhandis da ya rufe ofishinsa ya bi gawar Dauda da ƙafa har maƙabarta. Na gode wa matan da suka yi girki, da waɗanda suka zo daga nesa. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, ba zan janye ta ba, amma ya yafe mini.

Ya Allah, ga bawanka Dauda ɗan Kabo, ya tako da ƙafa daga ƙasa mai nisa don ya ga Ɗakinka, Ka ba shi kwanciya a maƙwabtakarsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya rayukan da ya tsare su zama masu ceto a gare shi. Ka ba Ramlatu haƙuri, Ka zaunar da Rumasa'u a ɗakinta lafiya, Ka sanyaya zuciyar Maman da ta Mahmudu. Ka gafarta mana abin da muka yi muna zaton gyara ne. Yaran nan da za su hau gobe, Ka sauko mana da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma ƙofarsa da ƙafarsa ya yi sallama da bakinsa.

Malam, a yi mana Fatiha.